Yadda Ake Bibiyar Lakar Manyan Koguna Da Hotunan Tauraron Ɗan Adam

Duk wanda ya saba tsallaka gadar Galma ta wajen Dakace a Zariya ya san kogin nan fuska biyu gare shi. A watan Janairu ruwan a kwance yake, ya yi duhu-duhu, har mutum yana iya hango yashin gefe ta cikinsa. Amma da zarar an sami ruwan sama biyu ko uku masu ƙarfi a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, sai ya rikiɗe ya koma ja kamar kunun da aka dama da jar dawa. Ruwa ba ya tsami banza. Jan nan ƙasar gonakinmu ce da aka yi wa sharar gona aka bar ta tsirara, ruwan farko ya kwashe ta ya zuba a rafuka, rafukan suka miƙa wa Galma, Galma ya miƙa wa Kogin Kaduna, wadda ba ta kwanta a tafkin Shiroro ba kuma ta gangara har Neja. Ita ce ke cike cikin madatsun ruwa sannu a hankali har su daina riƙe abin da aka gina su don su riƙe, ita ce ke ƙara yawan alam da ake kashewa kafin ruwan famfo ya yi fari, ita ce ke toshe magudanan noman rani, kuma ita ce takin da fadama ke jira kowace shekara. Saboda haka sanin yawanta, da lokacin zuwanta, da inda take fitowa, bukata ce ta injiniya da manomi da mai tace ruwa baki ɗaya.

Matsalarmu ita ce tashoshin awo a kogunanmu kaɗan ne, kuma galibinsu tsayin ruwa kawai suke rubutawa. Tauraron ɗan adam kuwa yana wucewa ta kanmu kowane 'yan kwanaki, hotunansa kyauta ne, kuma ajiyarsu ta koma baya shekaru masu yawa. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne, tauraron launin fuskar ruwa yake gani, ba ya auna laka. Kai ne za ka mayar da launin nan ya zama miligiram a kowace lita, kuma ba za ka iya ba sai ka shiga kwale-kwale da kwalba a hannu. Ido ba mudu ba ne, ko da ya san kima.

Abin da na'urar take gani

Na'urar da ke jikin tauraron tana raba hasken rana da ya dawo daga ƙasa zuwa zango-zango: shuɗi, kore, ja, sai kuma infarared wanda idon mutum ba ya gani. Ruwa mai tsabta yana shanye ja da infarared kusan gaba ɗaya, shi ya sa tafki mai zurfi ke fitowa baƙi a waɗannan zangunan. Idan kuwa akwai ƙwayoyin laka suna yawo a cikinsa, sai su warwatsa hasken su mayar da wani kaso sama, kuma gwargwadon yawansu gwargwadon abin da zai dawo. Sai dai wannan ƙaruwa tana da iyaka. Zangon kore yana ƙoshi da wuri, tun lakar ba ta wuce 'yan gomomin miligiram a lita ba. Zangon ja yana jurewa fiye da haka, amma idan laka ta haura wajen miligiram 100 sai ya fara nauyin motsi, ka ga ruwan ya ninka kauri alhali lambar da ke cikin hoton da ƙyar ta gusa. Infarared na kusa, wajen nanomita 850 a ma'aunin tsawon zangon haske, shi ne ba ya ƙoshi da sauri, yana bin laka har ta kai ɗaruruwa ko ta haura dubu, amma a ruwa mai haske kusan makaho ne. Wannan ne dalilin da ya sa a kogunanmu, inda ruwan rani da na damina suke da nisa kamar sama da ƙasa, zango ɗaya ba ya wadatarwa.

Akwai kuma batun girman ƙwaya. Giram ɗaya na yumɓu mai laushi yana warwatsa haske fiye da giram ɗaya na rairayi nesa ba kusa ba, kuma jar ƙasa mai sinadarin ƙarfe tana shanye shuɗi fiye da farar laka. Ke nan lissafin da aka gina a wani kogi ba lallai ne ya yi aiki a naka ba, har ma wanda ka gina da damina yana iya kuskurewa da rani.

Zaɓen tauraro

Faɗin kogin shi ne ke zaɓa maka. Ƙa'idar da nake bi ita ce a sami aƙalla ƙwayoyin hoto (wato 'yan murabba'an da suka haɗu suka zama hoton) uku jere a faɗin ruwan, domin ta tsakiya ta zama ruwa zalla, babu gaɓa a cikinta, kuma idan an sami biyar ya fi kwanciyar hankali.

Sentinel-2 na Tarayyar Turai, wanda aka harba na farkonsa a 2015 da na biyu a 2017, yana da ƙwayar hoto ta mita 10 a zangunan shuɗi, kore, ja da infarared na kusa, yana kuma dawowa wuri ɗaya duk kwana 5. Shi ne abokin aikin yau da kullum ga Kogin Kaduna, da Gongola, da Binuwai ta wajen Yola da rani lokacin da ruwan ya rabu tsakanin tsibiran yashi. Landsat na Amurka ƙwayarsa mita 30 ce, kowane ɗaya yana dawowa bayan kwana 16, amma tun da Landsat 9 ya bi sahun Landsat 8 a 2021 tazarar ta koma kwana 8. Darajarsa tana ga tarihi, domin Landsat 5 ya fara aiki tun 1984, kuma an buɗe ajiyar kyauta ga kowa a 2008, don haka wanda yake son ya kwatanta ruwan Kaduna kafin madatsar Shiroro ta fara aiki a 1990 da bayanta, a nan zai nema. A kula da hotunan Landsat 7 na bayan Mayun 2003, akwai tsage-tsagen da babu komai a cikinsu saboda lalacewar wani sashe na na'urar. MODIS kuwa, wanda ke kan tauraron Terra tun 1999 da tauraron Aqua tun 2002, kusan kullum yake ɗaukar hoto, amma ƙwayarsa mita 250 ce a zangon ja da infarared, saboda haka sai tafkin Kainji, ko Neja a ƙasan Lakwaja, ko Binuwai lokacin da ya cika ya batse. Da shi ne masu bincike na shirin HYBAM suka bibiyi lakar Amazon a tashar Obidos ta Birazil da kuma Kogin Madeira, kuma abin da ya ba aikinsu ƙarfi shi ne suna da masu ɗebo musu ruwa daga fuskar kogin duk kwana 10, shekara da shekaru.

Shi Galma a yawancin wurare bai da faɗin da zai ba ka ƙwaya tsarkakakkiya, balle rafin Kubanni. Amma tafkin da ke bayan madatsar jami'a a Samaru wuri ne mai kyau na koyon hannu: yana kusa, ana iya zuwa a ɗebi ruwa a dawo ɗakin gwaji kafin azahar, kuma launinsa yana canzawa sosai tsakanin rani da damina. Ina ba ɗalibi shawara ya yi damina ɗaya a irin wannan wuri kafin ya nemi kuɗin tafiya Makurɗi ko Lakwaja.

Ana sauke hotunan Landsat daga shafin EarthExplorer, na Sentinel daga shafin Copernicus Data Space, ko kuma a yi aikin duka a cikin Google Earth Engine, wanda ya fi dacewa da mai ƙarancin data da wutar lantarki mara tabbas, tun da lissafin a can ake yin sa, sakamako kawai kake saukewa.

Kafa tasha a kan hoto

Kafin a taɓa kowane lissafi, sai an zaɓi yankin kogin da za a riƙa karantawa a kowane hoto, a zana shi sau ɗaya a manhajar taswira ta QGIS, a kuma tsaya a kansa. A nemi wuri miƙaƙƙe mai zurfi, wanda ruwa ba ya janyewa daga gare shi ko a watan Afrilu. A guji inda ake hango ƙasan ruwa, domin farin yashi a ƙarƙashin ruwa mara zurfi yana fitowa a hoto tamkar laka mai kauri, kuma wannan kuskure ya yi yawa a ayyukan da aka yi a kan Binuwai da rani. A guji inuwar gada, da wuraren da kainuwa ke taruwa, da inda masu haƙar yashi ke aiki, sai fa idan su ne abin binciken. A kuma ja da baya daga gaɓa da ƙwaya biyu ko uku, saboda ciyayi da busasshiyar ƙasa suna da haske ƙwarai a infarared, kuma iska tana watso wani kaso na wannan hasken cikin ƙwayoyin ruwan da ke maƙwabtaka da su.

Idan wurin yana ƙasan mahaɗar koguna biyu, kada a ɗauka ruwan ya gauraya. A Lakwaja, Neja da Binuwai sukan yi tafiya mai nisa kafaɗa da kafaɗa, kowanne da launinsa, kafin su zama ɗaya. A irin wannan wuri gara a kafa tasha uku: ɗaya a kowane kogi kafin su haɗu, ta uku can ƙasa sosai.

Domin raba ruwa da tudu a kowace rana, ana amfani da bambancin zangon kore da zangon B11 na Sentinel-2, mai nanomita 1610, wanda ruwa ke shanyewa ko da yana da laka. Tsohuwar hanyar da ke haɗa kore da infarared na kusa takan ɗauki ruwa mai kauri a matsayin ƙasa ta jefar da shi, wato ta jefar da ainihin ranakun da ka fi bukata.

Ranar ɗebo ruwa

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Taurarin Landsat da Sentinel-2 suna wucewa ta kanmu da hantsi, tsakanin ƙarfe 10 da 11 bisa agogon rana, kuma ana iya sanin ranakun wucewarsu tun da wuri ta duba kwanakin hotunan baya a ƙirga gaba. A tsara fita ta faɗo a wannan rana, a kuma yi ƙoƙari ɗibar ta kasance cikin awa biyu ko uku da wucewar tauraron. Da rani, lokacin da kogi yake kwance, tazarar kwana ɗaya ba ta cika ɓata abu ba. Da damina kuwa ruwan da aka yi daren jiya a can sama yana iya canza kogin kafin la'asar, don haka samfurin jiya ba abokin hoton yau ba ne.

A fara da gaisuwa. A je wurin sarkin ruwa ko shugaban masunta na mashigar a gabatar da kai, a faɗi abin da ya kawo mutum, a nemi a haɗa shi da matuƙin da ya san ruwan. Wannan ladabi ne, kuma ilimi ne, domin dattijon da ya yi shekara talatin yana tuƙi a wurin ya san inda zurfi yake, da inda tsibiri ya tsiro bara, da makon da jan ruwa ya saba isowa, kuma idan ka ce masa “Baba, ina ne tsakiyar ruwa a wannan wata?” zai kai ka inda taswira ba za ta kai ka ba. A sa rigar kariya daga nutsewa, kai da shi, ko da ya ce ba ya bukata.

Idan an isa wurin, a kashe inji a bar ruwan ya lafa, a ɗebi samfurin ta gefen da ruwa ke gangarowa, kada a ɗebi abin da kwale-kwalen ya dama. A ɗauraye kwalbar sau uku da ruwan kogin, a nutsa ta kimanin kamu ɗaya ƙarƙashin fuska, bakinta yana fuskantar ruwa, a cika, a rufe. Lita ɗaya ta isa. A rubuta lamba a jikin kwalbar da alƙalamin da ruwa ba ya gogewa, a rubuta wurin daga GPS, da lokaci, da yanayin sama, da ko akwai iska mai tayar da igiyar ruwa. A ɗebi uku a faɗin kogin, hagu, tsakiya da dama, kowanne nesa da gaɓa. Idan akwai na'urar auna dagulewar ruwa ta hannu a karanta nan take, domin daga baya za ta ba ka damar ƙara yawan ma'aunai ba tare da tace kowace kwalba ba.

A ɗakin gwaji, a busar da takardar tacewa a auna nauyinta tukuna. Wasu suna amfani da mai ramuka na mikiromita 0.45, wasu da ta zaren gilashi mai 0.7, kuma kowacce aka zaɓa a tsaya a kanta har ƙarshen aikin. A girgiza kwalbar sosai, a auna ruwa daidai, a tace, a ɗauraye mazubin da ruwa mai tsabta domin abin da ya manne ya sauka kan takardar, a busar a ma'aunin zafi digiri 105 na Salshiyas, a bar ta ta huce a cikin tulun da ke hana danshi, sannan a sake aunawa da sikelin da ke karanta kashi ɗaya cikin goma na miligiram. Idan, a misali, ka tace mililita 250 takardar ta ƙaru da miligiram 50, to ruwan yana ɗauke da miligiram 200 a lita. Kada a bar kwalabe su yi makonni a rana a bayan mota, gansakuka za ta tsiro ta ƙara nauyin da ba na laka ba.

Yawan samfuri yana da muhimmanci, amma bambancinsu ya fi. Samfuri 60 da aka ɗebo duka a watan Disamba ba su kai darajar 30 da suka ratsa daga ruwan rani mai haske zuwa jan ruwan farkon damina ba.

Tsakanin tauraro da ruwa akwai iska

Mafi yawan hasken da na'urar ke karɓa a kan ruwa ba daga ruwan ya fito ba, iska da ƙura ne suka watso shi. Cire wannan kaso shi ne gyaran da ya fi kowanne wahala, kuma a ƙasarmu yana da wahala biyu da ke karɓa-karɓa.

Ta farko gajimare. Daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da koguna ke ɗauke da mafi yawan lakar shekara, mutum yana iya buɗe hotuna shida a jere bai ga ruwa ba. Babu dabarar da ke huda gajimare ta ga launi. Radar na Sentinel-1 yana ratsa shi, amma iyakar ruwa yake nunawa, wato inda ambaliya ta kai, ba kaurinsa ba. Abin yi shi ne a haɗa Sentinel-2 da Landsat 8 da 9 domin yawan damar samun rana mai haske, a kuma duba kowane hoto da ido, saboda alamar gajimare da ke zuwa tare da hoton takan rasa siririn gajimare da inuwarsa. Siririn gajimare yana ƙara haske ya sa ka ga laka inda babu, inuwa kuma tana rage shi. A watannin nan samfurin hannu ne kaɗai zai cike gurbi, shi ya sa nake ganin kuskure ne a dakatar da fita saboda an san hoto ba zai yi kyau ba.

Ta biyu hazo. Mu da muke Zariya ba sai an yi mana bayani ba: akwai safiyar Janairu da ba a hango Dutsen Kufena daga inda aka saba hango shi, ƙura ta kwanta a kan gilashin mota kamar an barbaɗa gari. Ƙurar nan, wadda babban kasonta ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, launinta kusan ɗaya ne da na lakar da kake nema. Tauraron da ke kallon Kainji ta cikinta zai nuna maka tafkin ya dagule alhali ruwan garau yake. Idan ka ga lissafinka yana cewa laka ta yi tsalle a tsakiyar rani ba tare da an yi ruwa ko an buɗe wata madatsa ba, fara zargin hazo. Duba kaurin ƙura na wannan rana daga bayanan MODIS, ko daga tashoshin auna ƙura na AERONET kamar ta Ilori da ta Banizumbu a Nijar, ka ajiye iyaka, duk ranar da ta haura ka fitar da ita daga lissafi ka rubuta dalili.

Akwai ta uku ƙarama, wato ƙyallin rana. A yankinmu rana tana tsayawa kusan tsakar ka a wasu watanni, sai fuskar ruwa ta zama madubi ta harba haske kai tsaye cikin na'urar. Alamarsa ita ce B11 ya yi haske a kan ruwa, inda ya kamata ya kusa zama sifili. Ana iya rage shi ta cire ƙimar B11 daga sauran zangunan, idan kuwa ya yi yawa a bar hoton.

Hotunan da aka riga aka gyara, waɗanda ake saukewa a shirye, an tsara gyaransu ne domin tudu. Suna iya wadatarwa a ruwa mai kauri, amma a ruwa mai haske sukan ba da lambobi marasa ma'ana, har da na ƙasa da sifili. Manhajar ACOLITE, wadda wata cibiyar kimiyya ta Beljiyam ta samar kyauta, domin ruwa mai laka aka yi ta, tana karɓar ɗanyen hoton Landsat da Sentinel-2. Shawarata a gwada hanyoyin biyu a kan samfuran da aka ɗebo, a zaɓi wadda ta fi dacewa, sannan kada a sake canzawa a tsakiyar jerin shekaru.

Bari in faɗi wani kuskure da na taɓa yi, domin ya ci mini makonni. Na jera hotunan Sentinel-2 na shekaru da dama a kan wani tafki, sai na ga daga farkon 2022 hasken kowane zango ya ɗaga lokaci ɗaya bai sake sauka ba. Har na fara neman dalili a sare itatuwa da sabbin gonaki a saman tafkin. Ashe tun 25 ga Janairun 2022 aka canza yadda ake adana lambobin, aka ƙara 1000 a kan kowace ƙima, wanda dole a cire kafin a raba da 10000. A Earth Engine akwai tarin da aka riga aka daidaita, shi ya kamata a ɗauka. Landsat ma yana da nasa: a tarinsa na biyu ana ninka lambar da 0.0000275 sannan a cire 0.2. Duk canjin da ya faru dare ɗaya a dukkan zanguna, har a kan tudu da kwalta, daga na'ura ko lissafi ya fito.

Haɗa launi da nauyi

Yanzu kana da jadawali: kowane layi yana da laka daga ɗakin gwaji, da hasken ja da na infarared daga ƙwayoyin da ke kewaye da wurin ɗibar. Ɗauki ƙima ta tsakiya daga murabba'in ƙwaya uku-uku, kada ka dogara da ƙwaya guda. Kafin kowane lissafi, zana su ka kalla. Za ka ga inda ja ya miƙe, da inda ya fara lanƙwasa, da inda infarared ya farka.

Ana iya gwada miƙaƙƙen layi a kan infarared, ko rabon infarared da ja, wanda yake rage tasirin bambancin girman ƙwayar laka da ragowar kuskuren iska. Akwai kuma ƙa'idar da Nechad da abokan aikinsa suka wallafa a 2010, mai siffar L = A × H ÷ (1 − H ÷ C), inda L take laka, H hasken da ya dawo, A da C kuma lambobin daidaitawa. Siffarta tana da kyau domin ta san da batun ƙoshi, amma lambobinta na asali daga ruwan tekun Turai aka samo su, saboda haka A aƙalla sai ka sake fitar da ita daga samfuranka. Hanyar da na fi natsuwa da ita a kogunanmu ita ce a yi amfani da ja a ruwa mai haske, infarared a ruwa mai kauri, a kuma gauraya su sannu a tsakani domin kada a sami tsalle a mahaɗa.

Ware kashi ɗaya cikin uku na samfuran tun farko, kada su shiga ginin lissafin, da su za ka jarraba shi. Ka faɗi kuskuren da miligiram a lita da kuma kashi cikin ɗari, kada ka tsaya ga lambar dacewa kawai, domin samfuri biyu masu kauri sosai suna iya ɗaga ta alhali sauran duk a warwatse suke. Kuma idan mafi kaurin abin da ka taɓa ɗebowa miligiram 400 ne, duk inda taswirarka ta ce 1500 ka yi masa alama cewa ya fita daga abin da aka gwada.

Neja da kansa yana ba da jarrabawa mai kyau. Ambaliya biyu yake yi a shekara a sashensa na tsakiya. Ta farko ta ruwan saman yankin ce, wajen Agusta zuwa Oktoba, mai kauri, wadda ake kira jan ruwa a Yamai saboda ƙasar da rafuka irin su Sirba ke kawowa, a Kainji kuma ake kiranta farin ruwa. Ta biyu ita ce baƙin ruwa, wanda ya taso daga tsaunukan Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun tsakiyar Mali inda ya sauke lakarsa, ya iso wajen Disamba zuwa Fabrairu da yawa amma da haske. Idan jerin lambobinka a wajen Yawuri bai nuna laka ta hau a ta farko ta sauka a ta biyu ba, akwai abin da ya karkace, kuma tun da baƙin ruwa yana isowa ne a tsakiyar hunturu, hazo ne farkon abin tuhuma. Haka kuma ya kamata ka ga launin yana washewa daga inda kogin ke shiga tafkin Kainji zuwa gindin madatsar, wadda aka kammala a 1968, domin a nan lakar take kwanciya.

Daga miligiram zuwa tan

Mai kula da madatsa tan nawa ne tambayarsa. Domin amsa masa kana bukatar yawan ruwan da ke wucewa, wanda ake nema daga hukumar kula da al'amuran ruwa ta ƙasa, NIHSA, ko Hukumar Raya Kogin Neja da ke Yamai, ko masu gudanar da madatsar. Lissafin shi ne a ninka laka ta miligiram a lita da ruwa na mita kubik a daƙiƙa, a ninka da 0.0864, a sami tan a rana. A misali, miligiram 300 a ruwa mai gudun mita kubik 5000 zai ba da tan 129,600 a rana ɗaya.

Sai dai a faɗi gaskiyar abin da lambar nan take nufi. A ruwa mai kauri haske ba ya shiga fiye da 'yan santimita, ke nan abin da ka auna lakar sama ce. Yumɓu da laka mai laushi sun bazu kusan daidai daga sama har ƙasa, amma rairayi ya fi yawa kusa da ƙasan kogin, wani ma birgima yake yi a kan shimfiɗar, kuma tauraro ba ya ganin ko ɗaya daga ciki. A kogi mai yashi irin Binuwai wannan kaso ba ƙarami ba ne. Idan ana son jimillar gaskiya, sai an yi 'yan fita na musamman an ɗebi ruwa a zurfi daban-daban, da ruwa ƙasa da kuma ruwa sama, a fitar da rabon da ke tsakanin fuska da matsakaicin zurfin duka. Idan ba a yi ba, a rubuta ƙarara cewa ƙiyasin na laka mai laushi ne.

Kada kuma a cike ranakun gajimare da zaton cewa laka tana bin yawan ruwa sau da ƙafa. A yawancin kogunanmu laka tana kai ƙololuwa kafin ruwa ya kai nasa, saboda ruwan farko ne ke samun ƙasa a sake, kafin shuka ta rufe gona. Ruwa mai yawa ɗaya a Yuli da a Oktoba ba kaurinsu ɗaya ba, don haka a raba lissafin hawan ruwa da na saukarsa.

Wanda zai fara bana ya zana tashoshinsa ya kuma jera tsoffin hotuna tun cikin Maris, ya fitar da kwanakin wucewar taurari na Mayu zuwa Nuwamba ya manna a bango, ya tanadi takardun tacewa da kwalabe kafin ruwan farko. Fita biyu a wata ita ce mafi ƙaranci, a ƙara zuwa kowane mako a Yuni da Yuli lokacin da launi ke saurin canzawa. Makonnin ƙarshen Oktoba da farkon Nuwamba kuwa kada a bari ko ɗaya ya wuce, domin a lokacin gajimare ya janye, hazo bai sauko ba, kogi kuma yana da sauran kaurinsa, kuma daga nan ne mafi yawan samfuran da za su dace da hoto mai tsabta za su fito.